Shekarar da Katangar Gidan Yari Ta Faɗi

Gidan da aka haife ni yana jingine da gidan yarin garinmu. Katanga ɗaya ce ta raba mu: ta gefenmu akurkin kajin Inna, ta wancan gefen ɗakin da ake kulle mutane. Mahaifina shi ne ganduroba, mai tsaron fursunoni, a zamanin En'e, lokacin da komai na ƙasarmu yake hannun hakimi. A nan na buɗe ido, don haka ban taɓa ɗaukar wurin abin tsoro ba. Sai da aka sa ni firamare na ga 'yan mata suna ɗan matsawa idan na faɗi inda nake kwana.

Ginin ƙasa ne mai kauri, irin na da. Zaure ɗaya mai ƙyauren ƙarfe, daga nan sai tsakar gida da rijiya a tsakiya, sai ɗakuna huɗu a jere. Babu taga ko ɗaya, sai 'yan kafofi can sama dab da azara, waɗanda ko kan jariri ba zai shiga ba. Ta gabas doguwar katanga ce, bayanta kuma gonaki. Ƙasarmu haka take, gona manne da gona, gida yana hango gida, daga nan har ka dangana da Kano ba ka samun dajin da mutum zai ɓuya.

Manyan masu laifi ba sa kwana biyu a wurinmu, birni ake wucewa da su. Namu su ne ɓarawon akuya, da wanda ya saki shanu a gonar wani, da waɗanda suka ba hammata iska ranar kasuwa. Yawancinsu Baba ya san iyayensu. Da safe yakan fito da su su share kasuwa ko su ja ruwa a kai gidan hakimi, shi a baya da kakinsa da kulkinsa, su a gaba suna gaisawa da mutanen da suka sani. Inna ce ke tuƙa musu tuwo. Kullum da hantsi Baba zai ɗaga murya ta kan katanga ya ce, "Yau shida ne," ko "Yau tara ne," ita kuma ta auna garin dawa daidai bakunan. Idan ta gama, biyu daga cikinsu su zo zaurenmu su ɗauki masakin.

Ina da kamar shekara tara aka kawo mutumin da har ya bar duniya Magini muke ce masa, saboda gini ne sana'arsa. Ƙarshen bazara ne, ana ta jiran ruwan shuka. Dogo ne, ba shi da yawan magana, tafin hannunsa kamar faifai. Daga wani ƙauye yake, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a ƙasa. Laifinsa kuwa, ya doki wansa da ƙotar fartanya har hannu ya karye. Gonar gado ce ubansu ya raba musu tun yana raye, aka dasa gamba a kan iyaka. Magini ya je sharar gona ya tarar gambar ta matso cikin tasa da kunya biyu. Daga magana sai hannu. Alƙali ya ba shi wata tara.

Kwanakin farko ba ya cin tuwo. Inna ta lura masaki yana dawowa da malmala guda, ta tambayi Baba, ya ce sabon ne, kunya ce ke cinsa. Baba ba ya son ganin mutum a zaune yana saƙe-saƙe, sai ya samo masa aiki, ya ce ya yaɓe ɗakunan inda suka zaizaye. Nan ne mutumin ya fara sakin jiki. Wata rana ina zaurenmu na ji su suna zagaya katangar gabas, Magini yana bubbuga ta da hannu.

"Maigida, wannan ba za ta ga kaka ba," in ji shi.

"Wannan katangar ta girme ni," in ji Baba.

"Shi ya sa. Indararon can ya fashe, ruwa a gindinta yake sauka. Sa kunnenka ka ji, cikinta ya zama rami."

Baba ya kai maganar ofishin hakimi. Aka ce masa an ji, za a duba bayan an yi girbi.

Damina ta sauka da albarka a shekarar. Da aka shiga marka sai aka yi kwana uku ruwa bai ɗauke ba, ba mai ƙarfi ba, irin mai yayyafin nan da ke jiƙa komai har gishirin miya. Rana ta huɗu da hantsi ina taya Inna hura wuta da ɗanyen kara, sai muka ji wani irin gunji, ƙasa ta girgiza, kaji suka watse. Na ruga waje ba ko ɗankwali. Katangar gabas ce ta kwanta gaba ɗaya cikin gonar dawar maƙwabcinmu. Daga bakin hanya kana hango rijiyar gidan yari da guganta, abin da mutanen gari da yawa ba su taɓa gani ba.

Baba yana zaure lokacin da abin ya faru, fursunonin kuma suna tsakar gida, don ya buɗe musu su sha iska. Allah ya kiyaye ba ta danne kowa ba. Ya tara su a bakin rijiya ya ƙirga. Bakwai ya kamata su zama. Ya ƙirga shida. Ya sake ƙirgawa, ya leƙa ɗakuna, ya leƙa rijiya. Babu Magini.

Ban taɓa ganin fuskar mahaifina kamar ranar ba. A wancan zamani abin da kowa ya sani shi ne, idan fursuna ya gudu, ganduroba ne zai shiga ɗakinsa. Baba ya shigo gida ya zauna a kan turmi, ruwa yana dukansa. Inna ta fito ta tsaya a kansa.

"Malam, ka je ka faɗa tun da wuri. In suka ji a bakin wani ya fi muni."

"Zan je."

"To tashi mana."

"Bari a yi la'asar," ya ce. "Mutumin da ya gaya mini katanga za ta faɗi, in gudu yake so, ai shiru zai yi."

Sauran shidan suna nan zaune a bakin ɗaki sun rungume gwiwa, ga hanya a buɗe gabansu, babu wanda ya motsa. Wani ɗan tsamurmurin ɓarawon akuya da ke cikinsu, mai yawan barkwanci, ya ce wa Baba shi kam ya yi tunanin gudu, amma da ya duba gabas garin surukansa ne, yamma kuma garin mai akuyar, sai ya ga nan ya fi masa rufin asiri. Baba bai yi dariya ba, amma daga baya ya sha ba da labarin.

Aka yi azahar, aka yi la'asar. Baba ya sa kakinsa, ya ɗaura ɗamara, ya ce wa Inna ta yi masa addu'a. Yana fita zaure ina biye da shi, sai ga mutum ya ɓullo ta cikin dawa, jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, ɗauke da nadin zana a ka, da buhu a kafaɗa. Magini ne. Ya sauke kayan a gaban Baba ya durƙusa.

"Daga ina?" in ji Baba. Muryarsa ko tashi ba ta yi ba.

"Gida na je, Maigida. Ɗakin tsohuwata ma gabas yake kallo, kuma na baro shi da tsaga. Da na ga wannan ta faɗi sai gabana ya yanke ya faɗi."

"Ka same ta lafiya?"

"Lafiya lau. Na fitar da ita na kai ta ɗakin matar Yaya, na tokare bangon da itace."

"Wan naka ya gan ka?"

"Ya gan ni. Bai ce mini komai ba. Amma shi ya riƙe mini itacen da hannunsa mai lafiya."

Baba ya dube shi ya ce, "Da ka faɗa mini."

"Da na faɗa maka, ko ka hana ni, ko ka bar ni laifin ya zama naka. Gara ya zama nawa."

Buhun kayan aikinsa ne ya ɗauko daga gida, zanar kuma ta danga ce ya cire daga bayan ɗakinsa. Baba ya ce ya shiga ciki, ya leƙo gida ya ce wa Inna ta ɗumama abin da ya rage. Sannan ya wuce gidan hakimi ya ba da rahoton faɗuwar katanga. Na tafiyar Magini kuwa bai faɗa ba, sauran shidan ma ba wanda ya buɗe baki. Ni ma an ja mini kunne, kuma na riƙe har na girma.

Ba a ginin ƙasa da damina, don haka hakimi ya zo ya duba ya ce a kewaye da zana kafin rani. Wata uku cur gidan yarinmu yana da dangar zana. Mutanen ƙauyuka suka riƙa ratsowa ranar kasuwa don su gani da idonsu. Awakin unguwa suka sa ta a gaba da ci, har sai da fursunoni suka riƙa korar su bi da bi. Matan da mazajensu ke ciki suka gane ba sai sun bi ta zaure ba, sai su aiko da ƙwaryar fura a miƙa ta ƙasan dangar. Baba yana gani ya kau da kai. A cikin watannin nan uku ko mutum ɗaya bai gudu ba.

Da aka yanke dawa, ƙasa ta bushe, aikin ya tashi. Magini ya zaɓi kududdufin da za a ɗebo ƙasa, ya ƙi na kusa ya ce yashi ya yi masa yawa. Fursunoni suka yi ta kwaɓa da ƙafa, ana zuba ciyawar ramno da kashin doki, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a mulmula tubali a jera a rana. Har yau idan na shaƙi warin jiƙaƙƙiyar ƙasar gini, wannan kakar nake tunawa. Shi yana sama a kan katanga, ana jefa masa tubali yana cafewa ba tare da ya duba ba, yana ɗan ƙunƙunin waƙa a maƙogwaro. Mutumin da ya zo ba ya iya haɗiyar tuwo, ga shi yana tsawata wa ɓarawon akuya kan ya mulmula tubali kamar ƙwan zabo.

Wa'adinsa ya cika saura kamar kamu uku katangar ta kai. Baba ya kira shi zaure ya ce ya tattara kayansa, ya gama. Ya ce to. Washegari da sassafe sai ga shi ya dawo. Ya ce ba a san shi da barin aiki rabi ba, kuma in wani ya ƙarasa za a ga tabo. Ya yi mako biyu yana kwana a zaurenmu har ya kai ta, ya shafe ta da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ta yi jawur tana ƙyalli. Tun daga nan ya zama na gida. Duk ranar kasuwa sai ya biyo, ya kawo wa Inna kuka ko kuɓewa busasshiya, su zauna da Baba a dakali, wani lokaci su yi awa guda ba wanda ya ce uffan.

Ba a yi shekaru da yawa ba zamani ya juya. Aka ce gidajen yari sun bar hannun En'e sun koma na gwamnati, ƙanana irin namu kuma za a rufe. Wata safiya babbar mota ta zo ta kwashi mutum huɗun da suka rage zuwa birni. Aka ce Baba ya bi su, za a ba shi aiki a can. Ya kwana biyu yana shawara, sannan ya ce shi ba zai iya tsaron mutanen da bai san iyayensu ba. Ya ninke kakinsa ya sa a adaka, ya koma gona.

Ginin ya zauna haka nan. An ɗan ajiye takin zamani a ciki na wasu shekaru, daga baya aka daina. Jemagu suka tare a ɗakunan, rijiyar ta cika da shara, tumfafiya ta fito a tsakar gida. Ni kuma na tafi makarantar horon malamai, na dawo na yi aure a cikin gari, na kama koyarwa a firamaren da na yi. Idan na zo gaida su Inna nakan tarar da Baba ya zagaya da fartanya yana cire ciyawar gindin katanga, ba wanda ya sa shi. Duk shekara kafin ruwa ya sauka Magini yakan zo su gyara indararo su biyu. Inna takan ce da su, tsofaffi biyu suna wahala a kan gidan jemagu.

Da garinmu ya zama hedikwatar ƙaramar hukuma, sai aka ce za a kawo mana kotu, a daina tafiya wani gari saboda shari'ar gona ko ta gado. Aka rasa ginin da za a sa ta, wani ya tuna da tsohon gidan yari. Ɗan kwangila ya zo daga Kano da niyyar rushewa ya yi na bulo. Allah ya sa alƙalin da aka turo ya zo duba wurin da kansa, da tsakar rana a cikin bazara. Wani dattijo ne mai sanyin hali. Ya shiga ɗaya daga cikin ɗakunan, ya tsaya, ya ji sanyi kamar an shiga randa. Ya fito ya ce kada a rushe, a buɗa masa tagogi kawai a gyara.

Nan aka shiga neman wanda ya san ginin, don birkilolin da aka zo da su siminti suka sani. Baba, wanda a lokacin idonsa ya fara rauni, ya ce a aika a kira Magini. Ya zo da sandarsa, gemu fari fat. Shi ya nuna musu bangon da ke ɗauke da azara da wanda za a iya cirewa. Aka fasa tsakanin ɗakuna biyu ya zama zauren shari'a, na uku ofishin alƙali, na huɗu na magatakarda. Aka yashe rijiya, aka ɗora kwano a kan soron. Ranar da aka huda taga ta farko ina wurin, na kawo wa Baba abinci. Haske ya faɗo a kan daɓen ɗakin da bai taɓa ganin rana ba. Magini ya shiga ya tsaya a wani lungu ya ce, "Nan tabarmata take." Leburorin suka yi dariya, sun ɗauka wasa yake.

Sabuwar ƙofar kotun ta gabas aka ce za a yi, saboda ta nan titi ya biyo. Wato sai an fasa katangar Magini. Ɗan kwangila ya ce aikin yini ɗaya ne. Kwana uku suka yi, diga biyu ta karye. Magini yana zaune a inuwa kusa da Baba yana kallo, ba ka iya cewa daɗi yake ji ko ciwo. Da aka kai rana ta uku ya tashi ya karɓi digar, ya nuna musu layin da tubali ya haɗu, ya ce su bi nan. Kafin la'asar ƙofa ta buɗe.

Ƙyauren ƙarfen tsohon zauren kuwa, da aka cire shi aka rasa yadda za a yi da shi, sai aka shimfiɗa shi a kan lambatun gaban kotu ya zama gada. Baba ya yi wata da watanni ba ya taka shi, sai ya zagaya ta can ƙarshen lambatu. Na tambaye shi dalili, ya ce shekara nawa yana shafa masa man gyaɗa, ƙafarsa ba ta yarda ba tukuna.

Kotu ta fara aiki, unguwarmu ta canja. Masu shayi da masu rubuta takardar ƙara suka kafa tebura, kekuna da babura suka cika gindin darbejiya. Baba ya samu wurin zuwa. Kullum da hantsi yakan sa farar rigarsa ya je ya zauna a benci na baya ya saurari shari'a, da rana ya dawo ya zauna a kan turmi ya ba Inna labari. Yakan ce a da sai an gama magana ake kawo masa mutum, bai taɓa jin farkon zance ba sai yanzu da ya tsufa.

A shekara ta biyu da buɗe kotun Magini ya shigar da ƙara. Duk tsawon shekarun nan kunya biyun nan tana nan ba mai noma ta, ta zama ciyawa tsakanin gonakin, shi da wansa kuma ba sa gaisawa sai a wurin jana'iza. To 'ya'yansu sun girma, sun fara jifan juna da magana a kanta. Ya zo ya gaya wa Baba cewa yana so a kashe maganar tun suna raye, kada wani yaro ya ɗauki ƙota kamar yadda ya ɗauka. Ranar zaman ni na riƙo hannun Baba muka je, na zauna a bencin mata.

Wan nasa ya tsufa ƙwarai, hannun nan bai koma daidai ba, a ɗan lanƙwashe yake. Alƙali ya sa aka ba su kujeru su biyun. Ya tambayi Magini abin da yake nema, ya faɗa a taƙaice. Ya juya ga wan.

"Dattijo, ka ji abin da ƙaninka ya ce. Me za ka ce?"

Tsohon ya gyara zama. 'Ya'yansa suna bayansa sun zo da shaidu, an shirya doguwar shari'a.

"Allah gafarta Malam, ni na tuge gambar," ya ce. "Da asuba na je na matsar da ita. A lokacin ina ganin tsohonmu ya fi ba shi wajen mai kyau. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har waɗannan da ke bayana."

Alƙali ya tambayi Magini ko yana da abin cewa.

"Allah gafarta Malam, ni kuma na karya masa hannu. An hukunta ni a kai, a cikin ɗakin nan na yi zamana. Amma ban taɓa ce masa ya yafe mini ba." Ya juya. "Yaya, ka yafe mini."

"Na yafe. Ni ma ka yafe."

Ba su rungumi juna ba, ba wanda ya yi kuka. Alƙali ya sa rana, ya je gonar da kansa tare da dagaci, aka auna aka mayar wa Magini kunyarsa biyu, aka kafa duwatsu. Wasu sun zaci zai ce ya bar wa wan. Bai bari ba, ya ce haƙƙinsa ne, ya shuka gyaɗa a wurin a daminar. Ba zan ce sun zama aminai ba, amma sun koma gaisawa, kuma da wan ya kwanta ciwon ajali Magini ne ya yi jinyarsa. Ranar shari'ar da muka koma gida muka kai zaure, Baba ya ce in gaya wa Inna ta dama fura da yawa, yana da baƙo, Magini zai biyo.

Baba ya rasu da kaka, wata Talata da hantsi, kotu tana zaune. Da labari ya shiga, alƙali ya ɗage zaman, ya fito shi da ma'aikatansa da masu ƙara da waɗanda ake ƙara, duk suka bi sahu a ƙofar gidanmu. Mu mata muna ciki, amma an gaya mini an ga tsofaffi daga ƙauyuka waɗanda ba wanda ya san alaƙarsu da shi. Ni na sani, don wasunsu sun shigo yi wa Inna gaisuwa, ta gane su ɗaya bayan ɗaya, har da ɓarawon akuyar nan, wanda ya zama mai unguwa a garinsu. Magini ya zauna kwana bakwai a zaurenmu yana karɓar gaisuwa tare da ƙannen Baba. Shi ma bai fi shekara biyu ba ya bi bayansa.

Yanzu na yi ritaya, jikokina ne ke zuwa makarantar da na koyar. Kotun tana nan tana aiki, an yi mata fenti ruwan ƙwai, an kafa mata faifan sola a kan kwano. Alƙalai sun zo sun tafi, na yanzu sa'an ɗana ne. Ana gina wata sabuwa ta bulo a bakin titin Kano, an ce idan an gama za a mayar da wannan ma'ajiyar takardu. Ban san ko zan ga hakan ba, don ginin ya daɗe a tsaye a iya linta.

Ƙanena ne ke zaune a gidanmu da iyalinsa, nakan je duk Litinin in yini. In na fito da hantsi nakan tarar da mata zaune a inuwar kotu suna jiran a kira su, da goyo da ƙullin takardu a bakin zane. Da yawansu na koyar da su, ko na koyar da iyayensu. Makon jiya wata ta taso ta gaishe ni, ta miƙo mini sammaci ta ce, "Malama, don Allah duba mini, yau ne ko gobe?" Na sa tabarau na duba, na ce mata gobe ne, ƙarfe goma. Ta ce to ta riga ta zo, daga nesa take, bari ta huta kafin rana ta yi sanyi. Na ce ta taso mu shiga gida ta sha ruwa, ta kwantar da yaron da ta goyo a ɗaki.